Lambun Bayan Ɗaki: Gonar da Ba a Biya wa Haraji a Birnin Gwari

Duk kasuwar da mutum ya shiga a ƙasar Hausa, daga 'Yankaba ta Kano zuwa Bakin Dogo ta Kaduna, idan aka ce "kayan gwari" an san abin da ake nufi: tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da sauran danginsu masu saurin lalacewa. Masu sayar da su kuwa su ne 'yan gwari. Shi ya sa abin yake da ɗaci a ce masarautar da ke ɗauke da wannan suna, wato Birnin Gwari, ta shafe shekaru matanta suna tsayawa a gaban murhu suna tunanin abin da za su kaɗa miya da shi. Ƙasa ce da Allah ya yi wa baiwa. Ruwan samanta yana haura milimita 1,000 a shekara, yana sauka daga Mayu zuwa Oktoba, tana karɓar masara da dawa da shinkafa da waken suya, ga fadamu, ga kogin Mariga da rassansa. Abin da ya gagari mutanenta shi ne tazarar da ke tsakanin ƙofar gida da bakin gona, da abin da ke iya samun mutum a cikin wannan tazara.

A da, miyar gidan manomi a wannan yanki daga wurare uku take fitowa. Na farko daji. Kafin dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,100, da na Kuyambana da ke haɗe da shi ta ɓangaren Zamfara su zama sunayen da ake ji a labaran tashin hankali, dazuzzukan da ke kewaye da ƙauyuka rumbu ne ga mata: kaɗanya don man kaɗe, ɗorawa don kalwar daddawa, ga kuka da tsamiya da ɗinya da kanya da tafasa. Na biyu fadama, inda maza ke noman rani. Na uku shi ne ɗan filin nan na bayan ɗaki ko gefen rijiya, inda uwargida ke soka kuɓewa da yakuwa, kabewa ta hau danga, zogale ya tsaya a kusurwa. Wannan na ukun shi ne wanda ba a taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Ko noma ma ba a kiransa.

Sai ga shi da rana ta ɓaci shi kaɗai ya rage. Mai karatu yana tune da harin Gwaska na watan Mayun 2018, inda aka hallaka fiye da mutum 40, da kuma shekarun da suka biyo baya, waɗanda a ƙauyuka da yawa manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, kuma duk da haka ba shi da tabbacin zai kwana a ɗakinsa. A 2021 gwamnatin jihar, a ƙoƙarinta na toshe wa ɓarayin daji hanyar samun kayan masarufi, ta dakatar da kasuwannin mako-mako a yankin, daga bisani aka katse layukan waya na makonni. Ko me za a ce game da amfanin waɗannan matakai ta fuskar tsaro, abin da suka zama a madafa shi ne daji ya rufe, fadama ta yi nisa, kasuwa ba ta ci. Gidan da ke da zogale biyu da kunyar kuɓewa ya ci tuwonsa da miya. Ɗan bindiga yana iya tsare hanyar gona ya yanka haraji, amma alayyafon da ke taku biyar daga murhu ba a bi ta gabansa kafin a tsinko shi.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, aka kuma sake buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe. Manoma da dama sun koma gonakin da suka ƙaurace wa, muna roƙon Allah ya ɗorar da zaman lafiyar. Fargabata ita ce, yanzu da hankali ya koma kan masara da kuɗin masara, a sake mayar da ɗan filin bayan ɗaki abin wasan mata, ko a shafe shi da siminti, ko a ɗora masa ɗakin haya. Ina ganin akasin haka ya kamata a yi: a ɗauke shi a matsayin gona ta haƙiƙa, mai tsari, wadda ke ba da abin miya wata 12 a shekara.

Kada a yi mini fassarar baibai. Lambun gida ba ya maye gurbin gona, kuma fili mai murabba'in mita 20 ba zai ba kowa buhun masara ba. Gona ke ba da tuwo, lambu ke ba da miya. Sai dai a cikin miyar ne akasarin sinadaran da ke gina jini da ƙarfafa ido da garkuwar jikin yaro suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum. A gwada wannan da ɗan ƙullin kayan miyan da ake aiken yaro ya sayo wa gidan mutum 10. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Idan aljihu ya matse, magidanci ba ya fara rage hatsi, kayan miya yake fara ragewa, kuma a jikin ƙananan yara da masu juna biyu ake ganin sakamakon.

Shawarar ba sabuwa ba ce. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta yi kira ga kowane gida da makaranta su noma abin da ya samu. Daga baya uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta sanya gasar lambun gida da kyautar miliyoyin naira. Niyyar mai kyau ce, sai dai gasa takan zaɓo wadda ta riga ta iya, mai famfo da katanga da wayar ɗaukar bidiyo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta samu lambunan gida kimanin miliyan 20, waɗanda aka ƙiyasta sun samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kayan lambun da ƙasar ke ci. Abin da ya riƙe su shi ne iri da malaman gona da ƙananan takardu masu gaya wa mutum abin da zai shuka a kowane wata. Wannan jadawalin shi ne abin da muka fi rashi, domin mafi yawan lambunan gidajenmu da ruwan sama suke rayuwa, da shi kuma suke mutuwa.

Damina lokacin ganye ce, kuma ita ce mai sauƙi. Da zarar ruwa ya zauna a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, alayyafo yana isa tsinka cikin mako 3 zuwa 4. Kuɓewa tana fara 'ya'ya cikin kusan wata 2, tana kuma son a riƙa cire ta duk bayan kwana 2 ko 3. Idan aka bar ta ta ƙosa a jikin uwa, uwar sai ta ja baya da haihuwa. Rama da yakuwa da lalo da karkashi ba sa neman komai sai a cire musu ciyawa. Kabewa a ɗora ta kan danga ko rumfa don kada ta cinye fili. Abin da ke ɓata lissafin gidaje da yawa shi ne shuka komai rana ɗaya: sai komai ya nuna tare, a ci har a gundura a Yuli, a wayi gari a Satumba babu ko tsinke. Maganin kuwa a raba irin, a riƙa shuka kaɗan-kaɗan duk bayan mako 2. A watan Agusta, lokacin marka, abokin gaba shi ne ruwan da ya kwanta, don haka a ɗaga kunya a fitar da magudana. Gwanda musamman ba ta da haƙuri da wannan. 'Yan kwanaki a cikin ruwa sun isa su ruɓar mata da saiwa.

Tumatir ne ke yaudarar mutane a damina. A daidai lokacin ne ya fi tsada, domin na rani ya ƙare, sai kowa ya yi sha'awar shuka shi, alhali danshi da ruwan da ke dukan ganye su ne ke kawo masa cututtukan da ke ƙone ganye da masu sa shi yaushi ya mutu a tsaye. Mai son gwadawa ya tsaya a tushe 5 ko 6 a cikin buhu ko tsohon bokiti, a ƙarƙashin inuwar rufi, ya kafa musu sanda, ya cire ganyen da ke taɓa ƙasa. In ba haka ba, gauta da yalo da attaruhu sun fi jurewa. Kuma a tuna, kakanninmu ba da jar miya suka girma ba. Miyar taushe da ta kuɓewa da ta kuka ba su taɓa jiran motar tumatir ta iso daga Kano ba.

Kaka lokacin ajiya ce. A yanka kuɓewa a shanya; ganyen zogale da yakuwa kuma a inuwa ake busar da su, domin zafin rana yana rage musu amfani. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne iri. A zaɓi shukar da ta fi lafiya, a bar 'ya'yanta su ƙosa su bushe, a gauraya irin da toka a zuba a gora ko kwalba a toshe. Irin zamani na aure da ake saya a cikin 'yar fakiti yana ba da yabanya mai kyau, amma 'ya'yansa ba sa gado uwarsu, dole a sake saya kowace shekara. Akwai wata asara da ba ta shiga lissafin masu ƙidayar ɓarnar rikici: idan ƙauye ya watse cikin dare, ba wanda ke tsayawa ɗaukar gorar iri. Irin kuɓewa ko na kabewa da uwa ta gada daga uwarta, wanda ya saba da ƙasar Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa, yana iya ƙarewa ke nan. Duk tsohuwar da ta tsira da nata, a nemi ɗan kaɗan a wurinta a yaɗa shi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyin hunturu yana ba da abin da damina ta hana: tumatir da albasa da karas da kabeji da latas. Ana fara renon tumatir a Oktoba a dasa bayan kimanin mako 4. Albasa takan kai mako 6 ko fiye a wurin reno. Karas kuwa ba a dasa shi, a inda zai zauna ake shuka shi, kuma ɗanyen taki yana sa shi ya yi rassa. A nan tsarin ƙasa ke juyawa. A damina ana ɗaga kunya don ruwa ya gudu, a rani ana yin fangali mai zurfi don ruwa ya zauna. A kafa zana ta gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, don kada ta busar da dashe.

Wanda ya shuka tumatir zai gamu da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa "sharon". Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma a 2016 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A babbar gona tana da wuyar sha'ani, amma mai tushe 20 a tsakar gida yana iya duba ganye kowace safiya, ya cire wanda ta shiga ya ƙone. Ana kuma daka 'ya'yan dalbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma. Abin da nake roƙon a guje masa shi ne ɗauko fiya-fiya ko ragowar maganin feshin gona a watsa wa ganyen da yara za su ci jibi. Irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi karɓa a tashar jirgin ruwa bai dace a zuba shi a kwanon kwaɗon zogale ba.

Sai bazara, daga Maris zuwa saukar ruwa, kuma a nan ne ake gane lambu da abin da ya yi kama da lambu. Zafi yana sa tumatir zubar da fure, latas ya yi tozo ya yi ɗaci, rijiyoyi su ja baya. Lissafin a fili yake. A irin wannan zafi, kowane murabba'in mita na fangali yana shan lita 5 zuwa 7 a yini. Ke nan fili mai murabba'in mita 10 yana buƙatar jarka 2 zuwa 3 masu cin lita 25 kowace rana. Ga mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, wannan kuɗi ne da zai iya fin na kayan miyan kansa, kuma duk mai ba da shawarar lambu da bai faɗi wannan ba bai faɗi gaskiya duka ba.

Dabarar farko ita ce a rage fili da gangan. A bar fangali ɗaya ko biyu na alayyafo da attaruhu, a rufe ƙasarsu da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, a yi musu 'yar rumfa, a riƙa ban ruwa da almuru. Ta biyu ita ce a daina zubar da ruwan da aka riga aka saya. A gidan mutum 10, idan kowa ya yi alwala da lita ɗaya sau 5 a yini, lita 50 ke nan suke bin kwata. Da za a mayar da wurin alwalar gefen fangali, da an gama da rabin matsalar ko fiye. Haka ruwan wankin shinkafa da na tsamen hatsi. Ruwan sabulu da na wanki kuwa a kai shi gindin itace, kada ya taɓa ganyen da ake ci ɗanye. Ta uku tsohuwar hikima ce: a binne tulu marar shafe har wuya a tsakiyar shuka, a cika shi a rufe baki, ruwan ya riƙa tsattsafowa kai-tsaye zuwa saiwa. A ƙasar da aka san Gwarawa da ginin tukwane, har hoton Ladi Kwali yake bayan takardar naira 20, tulu ba abin nema daga nesa ba ne. Da tukwanen ƙasa ne ma marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya ci kyautar Rolex a 2000, saboda dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sa kayan miya su daɗe ba su lalace ba.

Ruwan rufi ma ana barinsa yana tafiya a banza. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 yana zubar da kimanin lita 50,000 a shekara, wato jarka 2,000. Ba wanda zai iya tara wannan duka, amma tankin lita 2,000 da aka cika da ruwan ƙarshe na Oktoba zai riƙe fili mai murabba'in mita 10 har kwana 40 idan ana zuba lita 50 a kullum. Ba zai kai bazara ba, sai dai zai ɗauki nauyin reno da dashe, ya bar wa rijiya ƙarfinta zuwa lokacin da za a fi buƙatarta.

Amma ainihin abin da ke cike giɓin bazara itatuwa ne, domin saiwarsu tana kaiwa inda ta alayyafo ba ta kaiwa. Yazawa tana nuna tun ƙarshen hunturu, mangwaro ya biyo baya a tsakiyar zafi, daidai lokacin da fangali ya bushe. Gwaiba tana zuwa a ƙarshen damina, lemo a kaka da hunturu, gwanda kuma tana fara 'ya'ya cikin shekara guda; a shuka uku a wuri ɗaya, domin wasu maza ne ba sa haihuwa, idan sun yi fure a rage. Mangwaro mai aure yana fara ba da 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa yakan ɗauki 5 ko fiye. Zogale a riƙa sare masa kai idan ya kai ƙugu ko ƙirji, don ya yi rassa a inda hannu ke kaiwa, maimakon ya miƙe ya zama sandar tuta.

Akuya fa? Ta fi sharon ɓarna, ta kuma fi ta haddasa rigima tsakanin maƙwabta. A yi danga kafin a sayi iri. Masu cewa shuka a cikin gida tana kawo sauro, tun zamanin duba-gari ake wannan magana. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, don haka a rufe tanki da tulu, a kifar da gwangwanaye. Waɗanda rikici ya koro zuwa cikin gari suna zaman haya ko aro kuwa, buhun da aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, aka huda gefensa, yana ɗaukar alayyafo da attaruhu, kuma ranar komawa gida ana iya ɗora shi a mota.

Akwai gargaɗi guda da ya keɓanta da wannan yanki. Ana haƙar zinariya a ƙasar Birnin Gwari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, saboda ana kawo duwatsun ma'adinai cikin gidaje ana niƙawa. A 2015 ta sake kashe yara 28 a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, wadda ba ta da nisa da Birnin Gwari. Dalma ba ta ruɓewa. Tana zama a ƙasa shekara da shekaru, ƙurarta ta hau ganye. Duk tsakar gidan da aka taɓa daka ko wanke dutsen zinariya a cikinsa, kada a shuka abin ci a ƙasarsa. A ɗebo ƙasa daga wani wuri mai tsabta a zuba a buhu, a kuma wanke ganye sosai kafin a dafa.

Abin da ya rage na hukuma ne, kuma bai kai kuɗin taron ƙaddamarwa guda ba. Lambun bayan ɗaki a hannun mata yake, malamin gona namiji kuwa iyakarsa zaure. Ana buƙatar malaman gona mata da za su shiga har tsakar gida. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da takwararta ta yaɗa dabarun noma, dukkansu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suna da ilimin da za a fitar da jadawalin shuka na wata-wata, a shafi ɗaya, da boko da ajami, a kuma karanta shi a rediyo. Ƙaramar hukuma ta buɗe wurin renon mangwaro da lemo masu aure da gwaiba, ta sayar a farashi mai sauƙi, ta kuma kula da lokacin rabo. Itacen da aka dasa a Yuni yana da wata 4 na ruwan sama a gabansa kafin ya gamu da rani. Wanda aka raba a Oktoba don a samu hoton biki, da jarkar uwargida zai dogara tun daga ranar farko.